TARIHIN JOHN HAMMOND, MASANIN HAIHUWAR DABBOBI

'Yan'uwa mazauna kurmi, musamman fataken shanu na Agege da na Ibadan. Yau daga Gwarinpa ta Abuja muka kawo muku tarihin wani Bature wanda galibinmu ba mu san sunansa ba, amma aikinsa ya taɓa sana'arku.

An haifi John Hammond ran 23 ga Fabrairu, 1889, a wani ƙauye wai shi Briston cikin lardin Norfolk a Ingila. Ubansa manomi ne, don haka da warin garke ya tashi. Ya yi karatun aikin gona a Jami'ar Kambirij, ya yi soja a Yaƙin Duniya na Farko, da aka ƙare ya komo jami'ar ya ci gaba da bincike tare da malaminsa F. H. A. Marshall, wanda shi ne gwanin ilmin haihuwar dabbobi a zamanin.

Da zomaye ya fara, ya fitar da littafi a kansu a 1925. A 1927 ya fitar da na shanu. A ciki ya bi diddigin lokacin da saniya ke neman bijimi, wato kamar kowane mako uku, da kuma abin da ke faruwa a mahaifarta a wannan tsakani. Kowane Bafillace ya san alamun: saniya ta ƙi natsuwa, ta yi ta kuka, tana hawan 'yan'uwanta, in an hau ta kuma ta tsaya cik. Abin da Hammond ya ƙara shi ne ya haɗa wannan hali na waje da abin da ke gudana a ciki.

To, amma gwajin da ya fi burge mu shi ne na dawaki, wanda suka buga sakamakonsa a 1938 shi da abokin aikinsa Arthur Walton. A ƙasarsu akwai wasu ƙattin dawaki da ake kira Shire, akwai kuma kuru, 'yan Shetland, waɗanda ba su fi jaki ba. Baye tsakaninsu ba shi yiwuwa, sai suka ɗebi maniyyi suka ɗura da hannu. Aka sa wa 'yar ƙaramar goɗiya na ingarma, aka sa wa babbar goɗiya na kuru. Kowa zai zaci ƙaramar za ta halaka wajen haihuwa. Ina! Lafiya lau ta sauka, ɗanta daidai jikinta. Ɗan babbar goɗiya kuwa ya ninka shi nauyi kamar sau uku, alhali kowannensu rabi Shire ne rabi Shetland. Har suka girma bambancin bai gushe duka ba. Ashe cikin uwa da abin da take ciyar da ɗa suna da nasu hukunci, ban da irin uba. Wannan magana ta shafi duk mai kashe kuɗi neman bijimin waje alhali shanunsa da rani sai ƙashin haƙarƙari.

Shi Hammond ba mai ƙunshe ilmi ba ne, ɗalibai daga ƙasa ƙasa suka yi ta zuwa wurinsa. McMeekan na New Zealand ya yi aiki a kan yadda abinci ke sarrafa girman alade, Palsson na Iceland a kan tumaki. Akwai kuma wani ɗan Sin, M. C. Chang, wanda ya koyi aiki wurinsa da wurin Walton, daga baya ya tafi Amurka, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka samo ƙwayar tsara iyali. A 1959 Chang ya haɗa ƙwan zomo da maniyyi a kwalba, aka mayar cikin uwa, ta haihu. Daga garke ke nan har zuwa asibitin mutane.

Ɗura maniyyi da hannu ba Hammond ya ƙaga ba, Rashawa sun riga su yin nisa. Amma shi ya nace a Ingila, ko da yake masu sayar da bijimai suna ganin za a kashe musu kasuwa, har aka buɗe cibiyar wannan aiki a Kambirij a 1942. Bayan shekara goma, Polge da Rowson suka nuna a can cewa maniyyin bijimi da aka daskarar yana iya ba da ciki. Tun daga nan bijimi guda ya iya baye shanun da ke wata nahiya, ko bayan an yanka shi.

Wannan dabara ta iso mana. A Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, an daɗe ana haɗa Bunaji da shanun madara na Turai ta wannan hanya. Wahalar ita ce shanunmu masu tozo ba su daɗewa cikin neman bijimi, wani lokaci ma da dare abin zai zo ya wuce, mai allura bai iso ba.

Hammond ya yi ritaya a 1954, Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1960. Ya mutu a Kambirij ran 25 ga Agusta, 1964, yana da shekara 75.