Charles Perrault: Hadimin ministan da tatsuniya ta raya sunansa

A shekarar 2002 kamfanin DC na Amurka ya fara fitar da Fables, jerin labarai masu zane da Bill Willingham ya rubuta, inda taurarin tatsuniyoyin Turai suke zaman gudun hijira a birnin New York. Cinderella ta zama 'yar leƙen asiri mai shagon takalma, kyarkecin da ke cin mutane kuma ya zama mai tsaron doka. Jerin ya kai fitowa 150 a 2015. Da yawa daga cikin waɗannan taurari sun shahara ne ta alƙalamin wani ma'aikacin gwamnatin Faransa da aka raba da kujerarsa.

An haifi Charles Perrault a birnin Paris ranar 12 ga Janairun 1628, a gidan wani lauya. Shi ma shari'a ya karanta, amma bai daɗe a kotu ba ya koma akawu a ofishin yayansa Pierre, wanda ke karɓar harajin Paris.

Tauraronsa ya fara haskawa a 1663, lokacin da Jean-Baptiste Colbert, babban ministan Sarki Louis na 14, ya jawo shi kusa. Shekara kusan ashirin Perrault ya yi yana na hannun daman ministan a harkar gine-ginen sarki. Yana duba zanen magina, yana bin lissafin kuɗi, yana kuma da baki wajen zaɓen marubutan da fada za ta riƙa ba alawus. A 1671 aka shigar da shi majalisar masana harshen Faransanci. Kamar yadda ya faɗa a tarihin rayuwarsa, shi ne ya shawo kan Colbert ya fasa rufe lambun Tuileries ga talakawa, lambun da har yau jama'a ke shiga.

Sai dai kujerar hadimi a inuwar ubangida take. Dangantakarsu ta yi tsami, Colbert ya fifita ɗansa a ofishin, Perrault ya ajiye aiki. Da ministan ya mutu a 1683, Louvois, abokin hamayyarsa da ya gaji harkar gine-ginen, ya soke sunan Perrault daga sauran abin da yake samu a fada. Yana da shekara 55, matarsa Marie Guichon ta mutu tun 1678, ga ƙananan yara a gabansa.

Ya koma gida ya rungumi tarbiyyar 'ya'yansa da rubutu. A 1687 aka karanta wata waƙarsa a majalisar masanan, inda ya ce marubutan zamaninsa ba su gaza na tsohuwar Girka da Rum ba. Wannan ya fusata mawaƙi Nicolas Boileau, suka shafe shekaru suna sa-in-sa.

A 1697, yana da shekara 69, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai tatsuniyoyi takwas, da sunan ɗansa Pierre. Ciki akwai Cinderella, da gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari, da yarinya mai jar hula, da kyanwa mai takalmi, da attajiri mai shuɗin gemu da ke kashe matansa. Galibinsu sun daɗe a bakin jama'a, amma ya sake musu tufa irin ta fada. A wurinsa aka san kabewar da ta rikiɗe ta zama keken doki da takalmin gilashi. Bai kuma sassauta ba: a tasa ruwayar kyarkeci ya cinye yarinya mai jar hula, babu wanda ya cece ta. Labarin kyanwar ma ya fito daga wanda ya san fada ciki da waje, domin hadimi ne ya ɗaga ubangidansa matalauci da wayo da sutura har ya auri 'yar sarki.

Perrault ya mutu a Paris ranar 16 ga Mayun 1703. Takardun ofishinsa sai masu bincike ke waiwayarsu, amma Cinderella ta shiga fim ɗin Disney a 1950, ta kuma shiga shafukan Fables, ana ta sake mata tufa kamar yadda shi ya yi mata.