Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya: Tawaye ko Hijira?

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu bai cika wata shida a kan gadon sarautar Sakkwato ba. An naɗa shi a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, a lokacin da Turawan Ingila suka riga suka ci Bida da Kwantagora da Yola. Kano ta faɗi a farkon Fabrairun 1903, kuma ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, inda masu da kibau suka kasa tsayawa gaban bindiga mai jigida.

A nan hanya ta rabu biyu. Waziri Buhari ya koma birni ya yi sulhu, bisa hujjar kare rayukan jama'a da addininsu. Lugga ya tabbatar da Attahiru na Biyu ɗan Aliyu Babba a kan sarauta cikin mako guda. Shi kuwa Attahiru na Ɗaya ya ɗauki tuta ya fuskanci gabas.

Ta haka mutumin da jiya shi ne hukuma ya wayi gari ɗan tawaye a idon sababbin masu mulki. Sai dai shi da mabiyansa hijira suka ɗauki tafiyar, irin wadda Shehu ya yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, domin a fahimtarsu wanda aka yi wa mubaya'a ba ya tawaye ga wanda ya shigo da ƙarfin bindiga. Abin da ya fi tayar wa Turawa hankali ma ba yawan mayaƙansa ba ne. Talakawa da bayi ne suka riƙa barin gonaki, ga damina ta kawo jiki, suna bin sa. A ganina, wannan ƙaura ba Nasara kaɗai ta juya wa baya ba, har da sarakunan da suka karɓi sanda daga hannunsa.

A Burmi, kusa da kogin Gongola, aka kora harin Turawa na farko a watan Mayu. Suka sake dawowa ranar 27 ga Yuli, 1903, aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mabiyansa. Manjo Mash, jagoran rundunar, shi ma a nan ya kwanta. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau.