Zeami: Ɗan wasan da sarauta ta ɗaga, sarauta ta jefar

A shekarar 1434, gwamnatin soja ta birnin Kyoto ta kori wani tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya zuwa Sado, tsibirin da Japan ke tura waɗanda masu mulki suka gaji da gani. Tsohon bai taɓa ɗaukar makami ba. Ɗan wasan kwaikwayo ne mai suna Zeami Motokiyo, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin wasan Noh da ake yi har yau.

An haife shi wajajen 1363. Mahaifinsa Kan'ami shi ne shugaban wata ƙungiyar ƴan wasa a yankin Yamato, masu bin wuraren ibada suna waƙa da rawa da barkwanci. Manyan gari ba sa ganin sana'ar da daraja, kusa da bara suke ajiye ta. Wajajen 1374 ƙungiyar ta yi wasa a Imagumano, cikin Kyoto, gaban Ashikaga Yoshimitsu, shogun, wato jagoran soja mai riƙe da ainihin mulkin ƙasar. Shi kansa bai kai shekara ashirin ba. Yaron ya burge shi, ya jawo shi jiki, har wani bafade ya yi ƙorafi a littafin ajiyarsa kan yadda shugaba ke zama wuri guda da ɗan maroƙa a bainar jama'a. A fadar ne Zeami ya koyi waƙar manya da tsoffin littattafai. Da mahaifinsa ya rasu a 1384, ƙungiyar ta dawo hannunsa.

Wanda ya yi lakwal ya karanta Molière da Racine zai yi mamakin wasan Noh. A dandamalin Turai rikici ake ƙullawa gaban mai kallo: wane yana son wance, uba ya hana, magana ta yi zafi, a ƙarshe a yi aure ko a yi gawa. A wasannin Zeami da dama, abin ya riga ya faru tun da daɗewa. Matafiyi, galibi malamin addinin Buda, ya iso wani wuri, ya tarar da baƙo, suka yi zance, sai daga baya ta bayyana baƙon fatalwa ce da wani abu ya hana ta hutawa. A wasan Atsumori, mayaƙin da ya kashe wani saurayi a yaƙin Ichi-no-tani na 1184 ya bar takobi ya shiga zuhudu, ya koma wurin don yi masa addu'a. Fatalwar saurayin ta fito, ta ɗaga takobi a kansa, sannan ta fasa. Labarin ke nan, kuma ana iya share fiye da awa guda a kansa.

Dandamalin na yau bai wuce mita shida kowane gefe ba, da hoton tsohon itace a bango da wata gada da ƴan wasa ke shigowa ta kai. Akwai mai sarewa, da makaɗa biyu ko uku, da ƴan amshi zaune a gefe. Babban ɗan wasa na sanye da fuskar katako, yana jan ƙafa a hankali. Fuskar ba ta motsi, amma in ya ɗan sunkuyar da kai sai ta yi baƙin ciki, in ya ɗaga sai ta washe. Girkawan da ma sun yi wasa da fuskar aro da ƴan amshi, amma nasu ya yanke, sai a takarda. Na Japan ya bi daga uba zuwa ɗa fiye da shekara 600.

Wajajen 1400, fiye da shekara 160 kafin haihuwar Shakespeare, Zeami ya fara rubuta Fushikaden. Aristote ya yi bayanin wasa ne daga kujerar mai kallo, yana auna ginin labari. Zeami ya yi nasa daga cikin sana'a: abin da za a koya wa yaro ɗan shekara bakwai, yadda zai jure lokacin da muryarsa ta fashe, abin da ya kamata ya bari in ya haura arba'in. Abin da ke kama zuciyar mai kallo ya kira shi fure, ya kuma rarrabe furen ƙuruciya mai wucewa da furen da horo ke haifarwa. Littattafan sirrin gida ne, magaji kaɗai ake ba.

Sai dai abincin ɗan wasa a hannun fada yake, kamar yadda Molière ya gani lokacin da aka hana Tartuffe a 1664. Yoshimitsu ya rasu a 1408, magajinsa ya fi son wani ɗan wasa dabam. Yoshinori, da ya hau a 1429, ya fifita On'ami, ɗan ƙanen Zeami. A wannan shekarar aka hana Zeami da ɗansa Motomasa wasa a fadar tsohon sarki. A 1430 ɗansa na biyu ya bar sana'ar ya shiga zuhudu. A 1432 Motomasa, magajin da ya ɗora wa dukkan buri, ya rasu a lardin Ise. Zeami ya damƙa iliminsa ga Komparu Zenchiku, mijin ɗiyarsa, kuma masana tarihi da yawa na ganin ƙin ba On'ami sirrin na cikin abin da ya jawo korar. A Sado bai ajiye alƙalami ba, a 1436 ya rubuta Kintosho kan zamansa a tsibirin. A 1441 aka kashe Yoshinori a wajen wata liyafa, ana tsakar wasan Noh. Zeami ya rasu wajajen 1443.

Gidan Kanze da ke wasanninsa a yau daga zuriyar On'ami ya fito. Littattafan kuwa sun kwanta a ɓoye har 1909, lokacin da masanin tarihi Yoshida Togo ya buga goma sha shida daga ciki. Turawa suka soma ɗiba daga Noh: Yeats a 1916, Brecht a 1930, sai Benjamin Britten a 1964, wanda ya gina Curlew River kan Sumidagawa, labarin uwar da ta zauce tana neman ɗanta da aka sace, ta iske kabarinsa a bakin kogi. Motomasa ne ya rubuta shi.