ANGELO SECCHI: FADAN DA YA GANO TAURARI MASU GAWAYI

An haifi Angelo Secchi a garin Reggio Emilia na ƙasar Italiya cikin shekarar 1818. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit, aka naɗa shi fada a 1847. Bai daɗe da naɗin ba sai juyin juya hali na 1848 ya tilasta wa 'yan ƙungiyarsu barin birnin Rum. Ya yi zaman gudun hijira a Ingila, daga nan ya haye Amurka, inda ya koyar a kwalejin Georgetown.

Da ƙura ta lafa sai ya komo gida, aka ba shi shugabancin ɗakin binciken taurari na Kwalejin Rum a 1850. Da ya ga tsohon ginin ba shi da ƙarko, sai ya kafa sabon ɗaki a kan rufin majami'ar Sant'Ignazio.

A wancan zamani yawancin masana sun fi damuwa da auna matsayin taurari. Shi kuwa Secchi abin da yake nema shi ne sanin abin da suka ƙunsa. Yakan bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu kamar bakan gizo, sa'an nan ya nazarci baƙaƙen layukan da ke ciki, domin kowane sinadari yana da nasa tambari. Da haka ya duba taurari wajen 4,000, ya kasa su aji uku. A 1868 ya ƙara aji na huɗu: waɗansu taurari jajaye wur, marasa yawa, waɗanda ya ga tambarin sinadarin kabon, wato asalin gawayi, a cikin haskensu.

Sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa aka fahimci dalili. Waɗannan taurari tsofaffi ne da suka kumbura har faɗinsu ya ninka na rana sau ɗaruruwa. A cikinsu zafi yana haɗa hiliyam ya zama kabon. Lokaci lokaci wutar takan tashi da ƙarfi, iskar tauraron ta motsu kamar tafasar tukunya, ta kwaso kabon zuwa sama. Idan kabon ya fi oksijin yawa, sai ya ɗaure oksijin ɗin duka, ragowar kuma ta zama hayaƙi da ƙura masu tare shuɗin haske. Shi ya sa ake ganinsu ja. Daga baya tauraron yakan watsar da wannan ƙura cikin sararin samaniya, ta shiga ginin sababbin taurari da duniyoyi. Wani kaso na kabon da ke jikin ɗan Adam ta wannan hanya ya zo.

Ƙarshen rayuwar Secchi bai zo da sauƙi ba. A 1870 sojojin Italiya suka karɓe Rum daga hannun Paparoma, a 1873 kuma gwamnati ta ƙwace kwalejin. An yi masa tayin manyan muƙamai, amma ya ƙi juya wa Paparoma baya. Saboda girman sunansa a duniya, hukuma ta bar shi a ɗakin bincikensa har ya rasu ran 26 ga Fabrairu, 1878.

Tsarin da ake bi yau wajen kasa taurari ya tsiro ne daga tushen da ya kafa.