Nana Asma'u, Uwar Ƴan Taru (1793–1864)

An haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Da ta ga matan ƙauye ba su samun karatu, sai ta horar da dattawan mata, ana ce musu jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani. Su ke bi ƙauye-ƙauye da waƙoƙinta, suna koyar da tsarki da salla da tarihin Annabi (SAW). Tsakar gida ita ce ajinsu.

Ta rasu a Sakkwato a 1864. To mu fa ƴan Madarunfa, ƙannenmu mata nawa ke zaune gida yau ba makaranta? Allah ya jiƙanta, amin.