Norman Holter: Masanin da ya fitar da gwajin zuciya daga ɗakin likita

Akwai wata matsala da likitocin zuciya suka daɗe da sani, wadda mazauna unguwannin Hausawa na Legas ma ba baƙuwarsu ba ce. Ɗan kasuwar goro a Agege, ko mahauci a mayankar Oko-Oba, zai ji gabansa na faɗuwa, jiri na ɗibarsa yana tsakiyar aiki. Kafin ya ratsa cunkoson motoci ya isa asibiti a Ikeja ko Idi-Araba, abin ya lafa. A kwantar da shi, a manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito tana nuna lafiya lau. Gwajin da aka saba yi ba ya wuce daƙiƙa 10, alhali zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini. Idan likita ya ce a ɗaura wa irin wannan majiyyaci wata 'yar na'ura ya tafi da ita gida ya kwana, to sunan Holter zai rubuta a takarda. Da yawa ba su san cewa sunan mutum ba ne.

An haifi Norman Jefferis Holter ranar 1 ga Fabrairu, 1914, a garin Helena na jihar Montana a Amurka. Kakansa, Anton Holter, ɗan ci-rani ne daga ƙasar Norway wanda ya yi arziki a cinikin katako da kayan ƙarfe. Wannan dukiyar gado ta yi rana daga baya, domin ita ta ba jikan damar bin abin da ransa ke so ba tare da jiran albashi ba. Bai karanci likitanci a matsayin sana'a ba. Kimiyyar fiziks da ta sinadarai ya nazarta a jami'o'in birnin Los Angeles. A can ne, wajajen 1939, ya yi aiki da Joseph Gengerelli, suna gwada motsa jijiyar kwaɗo daga nesa ba tare da waya ta taɓa ta ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan bincike. Holter ya yi wa rundunar sojojin ruwan Amurka aiki yana nazarin igiyar ruwan teku, sannan a 1946 ya shiga cikin masanan da suka auna tasirin gwajin bam ɗin nukiliya a tsibiran Bikini. Bayan haka ya koma garinsu, ya kafa gidauniyar bincike tasa a 1947.

A nan ne ainihin aikinsa ya soma. Tun zamanin Willem Einthoven, masanin ƙasar Holan da ya karɓi kyautar Nobel a 1924, sharaɗin auna wutar da zuciya ke fitarwa shi ne majiyyaci ya natsu wuri guda. A na'urar farko har sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Holter ya ga cewa wannan sharaɗin shi ne cikas ɗin. Kasancewarsa ɗan garin haƙar ma'adinai, yakan kwatanta gajeren gwajin da mutumin da ya tsinci tsakuwa ɗaya a gindin dutse, ya yanke wa dutsen duka hukunci da ita. Duk wanda ya taɓa sayen buhun wake bisa abin da ya gani a bakin buhu zai fahimci nufinsa.

Na'urarsa ta farko abin dariya ce ga mai kallo a yau: kaya ne mai nauyin kusan kilogiram 38, mafi yawansa batura, ana goya shi a baya, yana aika bugun zuciya ta rediyo zuwa wata na'urar da ke karɓa. Shi da kansa ya goya ta ya hau keken motsa jiki. Ba mai ciwon zuciyar da zai iya ɗaukar wannan kaya, amma an tabbatar da cewa ana iya sauraron zuciyar mutum yana motsi. Da ƙananan kayan lantarki suka samu, shi da abokin aikinsa Wilford Glasscock suka yi ta rage girmanta, har suka koma ga naɗar bugun a kaset ɗin da mutum zai rataya a jikinsa.

Sai wata matsalar ta taso: wane likita ne zai zauna sa'o'i yana duba dubban bugu ɗaya bayan ɗaya? Maganin da suka samo, a ganina, ya fi na'urar kanta hikima. Suka sa kaset ɗin ya riƙa gudu ninki 60, kowane bugu yana hawa kan na gabansa a allo, ta yadda wanda ya kauce zai fito fili nan take. Naɗin awa ɗaya ya koma aikin minti ɗaya. Holter ya wallafa bayanin a mujallar Science a 1961, kuma a farkon shekarun 1960 kamfanin Bruce Del Mar ya fara ƙera na'urar domin asibitoci.

A yau nauyinta bai kai na wayar hannu ba, ana kuma ɗaura ta tsawon awa 24 zuwa 48, tare da umartar majiyyaci ya rubuta lokacin da ya ji wani abu da abin da yake yi a lokacin. Abin da ke damun mutane a zafin Legas shi ne gumi yana ɓamɓare abin da aka manna, kuma yawanci ana hana wanka har sai an cire ta, ko da yake alwala ba ta taɓa ta. Sababbin da ake mannawa kamar filasta, babu waya ko ɗaya, suna kai mako biyu a ƙirji.

Holter ya shugabanci ƙungiyar masana likitancin nukiliya ta Amurka a tsakiyar shekarun 1950. Ya rasu ranar 21 ga Yuli, 1983, a Helena, garin da aka haife shi, yana da shekara 69.