Konstantin Pats: Shugaban Estoniya Da Ya Haɗa Kasuwa Da Mulki

Yau filinmu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa arewacin Turai, zuwa wata 'yar ƙaramar ƙasa da ake kira Estoniya. Tana bakin tekun Baltik, ta yi iyaka da Rasha ta gabas, kuma a zamanin da za mu yi magana a kai mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya ne kawai. Mutumin da za mu kawo muku tarihinsa shi ne Konstantin Pats, lauya, ɗan jarida, mai banki, kuma shugaban ƙasar na farko. Duk wanda ke neman abincinsa a bakin iyakar babbar maƙwabciya zai ga abin lura a rayuwarsa.

An haifi Pats ran 23 ga watan Fabrairu na shekarar 1874 a yankin Tahkuranna, kusa da garin Parnu. A lokacin Estoniya tana ƙarƙashin sarkin Rasha, amma manyan gonaki da harkokin birane suna hannun wasu iyalai Jamusawa da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. 'Yan ƙasa kuwa galibinsu manoma ne da 'yan ƙwadago. Pats ya karanta shari'a a jami'ar Tartu, ya gama a 1898. A 1901 ya kafa jaridar Teataja a Talin, babban birnin ƙasar, wadda ta fi mai da hankali ga sha'anin tattalin arzikin talaka: wa ke da fili, wa ke da gida, wa ke da jari. A zaɓen majalisar birni na 1904, 'yan ƙasa suka haɗa kai da Rashawan garin suka kayar da Jamusawa, Pats ya shiga cikin masu tafiyar da birnin.

Da boren 1905 ya tashi a ƙasar Rasha, hukuma ta rufe jaridarsa, aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Ya gudu zuwa Suwizalan, daga baya ya koma Finlan. A 1909 ya miƙa kansa, aka sassauta hukuncin, ya yi wata tara a kurkukun Kresti da ke birnin San Fitasbag. Matarsa ta rasu a 1910 ta bar masa 'ya'ya maza biyu, bai sake aure ba.

Bayan faɗuwar sarautar Rasha a 1917, dama ta samu. Ran 24 ga Fabrairun 1918 wani kwamiti na mutum uku, cikinsu har da Pats, ya shelanta 'yancin Estoniya, aka naɗa shi shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya. Kashegari sojojin Jamus suka shiga Talin. Daga baya suka kama shi suka tsare har watan Nuwamba, lokacin da Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na ɗaya. Fitowarsa ke da wuya sai ga rundunar 'yan gurguzu ta Rasha ta ƙetaro iyaka ta garin Narba. Aka yi ta gwabzawa fiye da shekara guda, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Tartu ran 2 ga Fabrairun 1920. Rasha ta amince da 'yancin Estoniya, ta kuma ba ta rubul miliyan 15 na zinariya.

To a nan ne fa labarin kasuwa ya shigo. A wannan lokaci manyan ƙasashen Turai ba sa hulɗa da sabuwar gwamnatin Mosko, saboda haka tashar jiragen ruwa ta Talin ta zama ƙofar da Rasha ke shigo da kaya, ta nan kuma take fitar da zinariyarta ta sayar a waje. Wanda ya san harkar fiton kaya ya san irin kuɗin da ke cikinta: ladan dillanci, kuɗin ajiya, kuɗin jirgin ƙasa, canjin kuɗi, inshora. Cikin ɗan lokaci wasu suka kuɗance a Talin.

Pats bai tsaya kallo ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Bankin Harju a 1919, ya kuma shugabanci hukumar bankin. Daga 1919 zuwa 1933 shi ne shugaban kamfanin inshora na Eesti Lloyd. Daga 1925 zuwa 1929 ya shugabanci majalisar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta ƙasar. Duk wannan bai hana shi siyasa ba, domin shi ne jagoran jam'iyyar manoma, kuma tsakanin 1921 da 1934 sau biyar yana riƙe shugabancin gwamnati.

Amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Cinikin fiton bai daɗe ba. Rasha ta ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da Ingila a 1921, ta shirya da Jamus a 1922, ta daina bukatar ɗan tsakiya kamar da. Kafin nan babban bankin Estoniya ya riga ya rabar da basussuka masu yawa ga kamfanoni da masana'antun da suka dogara ga kasuwar Rasha, kuma da yawa cikin masu cin bashin mutane ne na kusa da gwamnati. Kasuwar ta rufe, bashi ya ƙi biyuwa, zinariyar baitulmali ta zube, kuɗin ƙasar mai suna mark ya fara faɗuwa.

A ƙarshen 1923 wani ɗan siyasa mai suna Otto Strandman ya fasa ƙwai a bainar jama'a, ya ɗora alhakin ɓarnar a kan gwamnatin Pats da ministan kuɗinta Georg Vestel. Gwamnatin ta faɗi a watan Maris na 1924. Strandman ya karɓi ma'aikatar kuɗi, ya tsuke bakin aljihu. Bankin Harju kuwa ya durƙushe a 1925. Sai da ƙasar ta ciwo bashin waje a 1927 da taimakon Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, sa'an nan a 1928 ta fito da sabon kuɗi mai suna kron, kowane ɗaya a bakin mark 100. Daga nan Estoniya ta juya ga sayar wa Ingila da Jamus man shanu da ƙwai da nama da katako.

Wannan abin kunya bai kashe wa Pats siyasa ba, kuma bai raba shi da Rashawa ba. A 1999 wani masanin tarihi ɗan Estoniya, Magnus Ilmjarv, ya bayyana takardun da ya gano a ma'ajiyar tarihi ta Mosko, waɗanda suka nuna cewa kamfanin man fetur na Tarayyar Sobiyet ya riƙa biyan Pats dala 4,000 a shekara da sunan mai ba da shawara kan shari'a. Maganar ta tayar da ƙura. Wasu masana na ganin ciniki ne irin na kowane lauya, wasu kuma na ganin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta bugi manoman Estoniya ƙwarai. Gwamnatoci suka yi ta faɗuwa, a 1933 aka karya darajar kron da kashi 35 cikin ɗari. Wata ƙungiyar tsofaffin sojoji da ake kira Vaps ta yi ƙarfi, ta kawo tsarin mulkin da ke ba shugaba iko mai yawa, jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta watan Oktoban 1933. Da alamu suka nuna ɗan takararsu na iya cin zaɓe, sai Pats ya riga su. Ran 12 ga Maris 1934, tare da Janar Johan Laidoner, ya kafa dokar ta-ɓaci, ya kama ɗaruruwan 'yan ƙungiyar, ya ɗage zaɓe. A wannan shekara aka sallami majalisa, a 1935 aka haramta jam'iyyu, aka sa wa jaridu takunkumi. Mutanen Estoniya suna kiran waɗannan shekaru zamanin shiru.

A zamanin shirun kasuwa ta farfaɗo, gwamnati ta shiga harkar masana'antu da kanta, aka kakkafa majalisun sana'o'i. A 1935 aka yi dokar farko ta kare muhalli a ƙasar, a 1936 aka kafa hukumar kula da lambunan gwamnati. A 1935 ɗin ne kuma wasu masu masana'antu suka sayi ƙasaitaccen gidan Oru da ke bakin teku, suka bayar domin ya zama wurin hutun shugaban ƙasa. A watan Afrilun 1938 Pats ya zama shugaban ƙasa a ƙarƙashin sabon tsarin mulki, ba tare da an kai zaɓen gaban talakawa ba.

Ran 23 ga Agustan 1939 Jamus ta Hitila da Tarayyar Sobiyet ta Stalin suka ƙulla yarjejeniya, a asirce suka raba gabashin Turai, Estoniya ta faɗa rabon Mosko. Ran 28 ga Satumba gwamnatin Pats ta yarda a girke sojojin Sobiyet 25,000 a ƙasar. Ran 16 ga Yunin 1940 Mosko ta ba da wa'adi, kashegari sojojinta suka mamaye ko'ina ba tare da sojan Estoniya ya ja da su ba. Pats ya zauna a ofis wajen wata guda yana sa hannu kan takardun da aka kawo masa, har da na naɗa gwamnatin 'yan amshin shata. Babu majalisa mai ƙarfi ko jarida mai 'yanci da za ta ce a tsaya, domin shi da kansa ya rufe musu baki tun shekara shida da suka wuce. Finlan, wadda ta ƙi yarda ta yi yaƙi, ta yi asarar rayuka da ƙasa amma ta tsira da 'yancinta. Wannan kwatanci shi ne har yau ke ci wa mutanen Estoniya tuwo a ƙwarya.

Ran 30 ga Yulin 1940 aka kwashe shi da iyalinsa zuwa garin Ufa a cikin Rasha. A 1941 aka kama shi, ya yi shekaru tsakanin kurkuku da asibitocin masu taɓin hankali. Ƙaramin ɗansa ya mutu a kurkukun Mosko a 1952. A ƙarshen 1954 an ɗan maido shi wani asibiti a Estoniya, amma da mutane suka gane shi sai aka sake ɗauke shi. Ya rasu ran 18 ga Janairun 1956 a asibitin Burashebo, kusa da garin da yanzu ake kira Tiber, yana da shekara 81.

A 1990 aka gano kabarinsa, aka maido da ƙasusuwansa aka binne a Talin. Shekara guda bayan haka Estoniya ta sake samun 'yancinta. Gonarsa ta Kloostrimetsa ita ce ta zama lambun adana itatuwa da furanni na birnin tun 1961. A 2022 an kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar Talin, kuma sai da aka yi ta gardama a kan ko ya cancanta.

Masu yabonsa na cewa shi ya kafa ƙasar, kuma a 1940 babu yadda ƙaramar ƙasa za ta yi da Stalin. Masu sukarsa na cewa mutumin da ya saba warware kowace matsala ta hanyar ciniki a bayan fage ya ɗauka da Mosko ma haka za a yi, ya manta cewa sai ƙarfi ya zo ɗaya ake tayi da ragi. A kasuwa idan ciniki ya ɓaci, jarin mutum ɗaya ne ke tafiya. A wannan karo ƙasa ce ta tafi, kuma sai da ta yi shekara 51 kafin ta dawo hannun masu ita.